Yaya aka sace zinariya a jirgin ƙasa yana gudu, a Ingila ta 1855?

Magatakardan Sito (Ngaundere)

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka karanci tarihi. Aikina rubuta kaya ne a wani sito kusa da gar, wato tashar jirgin ƙasa, nan Ngaundere. Kayan da jirgi ya kawo daga Duwala, masu wucewa Garwa ko Marwa ko Njamena, da yawa a hannunmu suke kwana kafin a loda su a manyan motoci. Ni ne a bakin sikeli, ni nake rubuta nauyi, ni nake duba hatimi.

Wani ƙanena da ke karatu a jami'a can Dang ya ce mini a zamanin Sarauniya Biktoriya an taɓa kwashe zinariya daga akwatin ƙarfe a cikin jirgin ƙasa, jirgin yana gudu. Ba a tsayar da shi ba, ba a fasa akwatin ba, ba a taɓa lafiyar kowa ba, kuma kayan suka isa Faransa da hatiminsu lafiya lau. Da aka buɗe, dalma ce a ciki.

Abin ya tsaya mini a rai don na ga irinsa. Bara an loda sukari a wata mota daga nan, tamfol a rufe, igiya yadda muka ɗaure ta, lissafin buhu ya cika cif a can. Sai da mai kaya ya sayar ya iso buhunan tsakiya, ya tarar da yashi, an ɗinke bakinsu tsaf. Direba ya rantse, yaran mota suka rantse, mu 'yan sito muka rantse, masu saukewa a can su ma suka rantse. Har yau kallon zargi ake yi wa wani abokin aikina, dattijo mai iyali, wanda na san ko allura ya tsinta sai ya yi cigiya. Ya daina zama cin abinci tare da mu.

To, don Allah, su waɗancan yaya suka buɗe akwatin? Wa aka ɗora wa laifi da farko? Kuma an kama su kuwa?

Malamin Tarihi (Garwa)

Wa alaikumus salam, Malam Magatakarda. Ƙanenka bai yi maka ƙari ba. Abin ya faru ne daren 15 ga Mayu, 1855, Biktoriya tana dab da cika shekara 18 a kan gadon sarauta, tunda a 1837 ta hau.

Fara da hanyar kayan, don a nan wayon yake. 'Yan kasuwar zinariya na Landan kan aika kaya Faris. Jirgin kamfanin South Eastern Railway ne yake ɗauka daga tashar London Bridge zuwa Folkestone a bakin teku, jirgin ruwa ya ƙetare da su zuwa Boulogne, daga nan wani jirgin ƙasa ya kai Faris. A daren nan akwati 3 ne na katako, na kamfanonin Abell da Spielmann da Bult. An ɗaure kowanne da ɗamarar ƙarfe, an ɗiga kaki an buga hatimi, an auna, sannan aka sa su cikin manyan akwatunan ƙarfe na kamfanin Chubb, wanda a lokacin babu makullin da aka yarda da shi kamar nasa. Kowane akwatin ƙarfe kuba biyu gare shi, mabuɗansu daban daban, kuma ba a ba mai gadin jirgin ko ɗaya.

Mutum 4 ne suka yi aikin. William Pierce, wanda ya taɓa yi wa kamfanin aikin buga tikiti aka sallame shi saboda caca, shi ya kawo shawarar. Edward Agar gogaggen ɓarawo ne, ya shekara da shekaru yana buga takardun jabu da buɗe makullan mutane, kuma yana da kuɗinsa, ba yunwa ce ta kai shi ba. James Burgess shi ne mai gadin taragon kaya, ya daɗe a aikin, an yarda da shi. William Tester kuwa akawu ne a ofishin da ke tsara zirga-zirgar jirage a London Bridge. Ka lura: biyu ma'aikatan kamfanin ne a lokacin, na uku tsohon ma'aikacinsa. Agar kaɗai ne baƙo.

Mabuɗi na farko ta hannun Tester ya fito. An mayar da akwatunan wurin Chubb don a sake musu kuba, sababbin mabuɗai suka biyo ta ofishinsu. Ya fita da mabuɗi na ɗan lokaci, Agar ya danna shi a jikin kaki ya ɗauki siffarsa, aka mayar da shi inda yake. Na biyun ya fi wuya, don a ofishin tashar jirgin ruwa na Folkestone yake. Sai Agar ya aika wa kansa akwatin kuɗi ta wannan hanyar da sunan ƙarya, ya je karɓa, ya tsaya yana kallon kabad ɗin da akawu ya ciro mabuɗi. Daga baya suka dawo suka jira lokacin da jirgin ruwa ya iso, ma'aikata suka fita tarbarsa suka bar ofis ba kowa. Pierce ya shiga ya ɗauko, Agar ya danna a kaki, Pierce ya mayar kafin su dawo.

Mabuɗin da aka ƙera daga kaki ba ya buɗewa karon farko. Don haka Agar ya riƙa hawa jirgin nan a ranakun da Burgess ke aiki, yana shiga taragon kaya da magagari a aljihu, ya gwada, ya goga, ya sake gwadawa, har ranar da kubar ta juya. Tester kuma ya gyara jadawalin aiki yadda Burgess zai ci gaba da zama a jirgin dare. Shirin nan ya ci fiye da shekara.

Sai maganar nauyi, wadda ita ce fagenka. Sun san za a sake aunawa a hanya, don haka suka sayi ƙananan harsasan dalma irin na harbin tsuntsu, kimanin kilo 100, suka zuba a jakunkunan fata da suke ratayawa a ƙarƙashin manyan riguna, da jakunkunan tafiya da suke ba ɗan dako ya sa a taragon kaya kamar na kowane fasinja. Dare da yawa suna zuwa tasha da wannan nauyi su koma, don ba kullum ake ɗora zinariya ba. Alamar da suka shirya ita ce Burgess ya goge fuskarsa da farin hankici. A daren 15 ga Mayu ya goge. Pierce ya shiga taragon masu tikitin daraja ta ɗaya, Agar kuma ya faɗa taragon Burgess daidai lokacin da jirgi ya motsa.

A nan ne nake so ka ga aikin da idonka. Fitila ɗaya, tarago yana girgiza. Ya buɗe akwatin ƙarfe, ya fito da na katako. Bai fasa ba. Ya sa ƙananan katakai masu tsini da guduma ta katako, don kada ƙarfe ya bar tabo, ya ɗaga ɗamarar a hankali, ya cire ƙusoshi. Ya kwashe sandunan zinariya, ya zuba dalma, ya mayar da kowace ƙusa a raminta, ya narka kaki ya buga wani hatimi da ya taho da shi. Da dare, a hasken fitilar tasha, wa zai tsuguna ya karanta zanen hatimi? A tashar Redhill Tester yana jira, aka miƙa masa jaka ɗaya ya koma Landan da ita, Pierce kuma ya shigo taragon ya kama wa Agar. Kafin Folkestone sun gama da akwatunan uku, sun share ƙasa, sun kulle. Aka sauke akwatunan ƙarfe, su kuma suka wuce Dover da jakunkunansu, suka ci abinci a otal, suka hau jirgin tsakar dare suka koma Landan. Abin da suka ɗauka kimanin kilo 100 ne, kuɗinsa fam 12,000. A zamanin da lebura da ƙyar yake haɗa fam ɗaya a mako, wannan ladan fiye da shekara 200 ne.

Sikeli ya yi magana, Malam, ba a dai saurare shi ba. A Boulogne an auna, aka ga akwatin Abell ya ragu da kusan kilo 18, sauran biyun kuma sun ɗan ƙaru. Aka rubuta, aka wuce da su. A Faris nauyin ya zo daidai da na Boulogne, wanda ke nuna cewa kafin Boulogne aka yi ɓarnar. Duk da haka kamfanin Ingila ya dage cewa a Faransa aka yi, 'yan Faransa suka ce a Ingila ne. An sa ladan fam 300 ga wanda ya kawo labari. An yi wa Burgess tambayoyi aka sake shi, don ba shi da mabuɗi kuma ba a taɓa kama shi da komai ba. An tuhumi ma'aikata da yawa a ɓangarorin biyu, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, irin dattijon nan naku. Haka aka shafe shekara da rabi.

Magatakardan Sito (Ngaundere)

Malam, Allah ya saka da alheri. Kilo 18 a akwati ɗaya, aka bar shi ya wuce! A wurinmu buhu ya ragu da kilo biyu sai an tsayar da lodi an kira mai kaya. Amma na san yadda ake yi: jirgi na jira, dare ya yi, kowa ya gaji, sai a ce sikelin can ne ba daidai ba. To yaya asirinsu ya tonu, tunda 'yan sanda sun gaza?

Malamin Tarihi (Garwa)

Ba 'yan sanda ne suka gano ba. Landan tana da rundunar 'yan sanda tun 1829, da sashen masu bincike tun 1842, amma a wannan shari'ar ba su kamo bakin zaren ba.

Sun narka zinariyar a wani gida da Agar yake haya a unguwar Shepherd's Bush, suka mayar da ita ƙananan sanduna, suka riƙa sayarwa kaɗan kaɗan. Cikin masu saye har da wani lauya, James Saward, wanda shi kansa shugaban masu buga cakin jabu ne. Tester ma ya bar kamfanin da takardar yabo ya sami babban aiki a jirgin ƙasa na Suwidin.

A watan Agusta na 1855 aka kama Agar kan wani laifi daban, cakin jabu na fam 700. Aka yanke masa kora zuwa Ostareliya har ƙarshen ransa. Yana da ɗa da wata mata, Fanny Kay, wadda ta taɓa aiki a ɗakin sayar da abinci na tashar Tonbridge. Da ya ga ba zai dawo ba, sai ya sa aka damƙa wa Pierce dukiyarsa ta kusan fam 3,000, amana, don ya riƙa ciyar da ita da yaron. Pierce ya ɗan ba ta na 'yan kwanaki, daga nan ya riƙe sauran, ya bar ta ba ko na abinci. Sai ta tafi wurin shugaban kurkukun Newgate ta faɗi abin da ta sani. Aka kira lauyan kamfanin, aka je gidan Shepherd's Bush aka ga alamun narkar da zinariya. Aka sami Agar a kurkukun Portland. Da ya ji abin da Pierce ya yi wa ɗansa, sai ya zayyana komai.

An kama su a ƙarshen 1856, aka yi shari'a a kotun Old Bailey a Janairun 1857, Agar yana ba da shaida. Burgess da Tester kora ta shekara 14 kowannensu, don doka ta tsananta wa ma'aikacin da ya saci abin ubangidansa. Pierce shekara 2 kawai da aiki mai tsanani, saboda a lokacin satar ba ma'aikacin kamfanin ba ne. Alƙalin, Baron Martin, ya faɗa masa a fili cewa shi ne mafi munin hali a cikinsu, kuma da doka ta ba shi dama da hukuncinsa ya fi haka nesa.

Hajiya Mai Atamfa (Marwa)

Salamu alaikum. Malam, na karanta tun daga sama, kuma ni duk labarin mabuɗi da kaki bai taɓa ni kamar na matar nan ba. Ku maza kun tsaya a kan dabara. Ni ina ganin mace da yaro a hannu, a birnin da ba ta da kowa, tana zuwa ƙofar mutumin da ta san kuɗin ɗanta na hannunsa, yana ce mata babu. Sai ta yi sawu nawa kafin ta yanke shawarar zuwa ƙofar kurkuku da ƙafarta? Ta san maganar za ta iya cin ta ita ma, tunda a gidan da take aka narka zinariyar.

Ba ina wanke ta ba ne, ko shi Agar. Kuɗin da ya bari ma ai ba na gumi ba ne. Amma abin da Pierce ya yi na san shi a nan garin. Maƙwabciyata mijinta ya rasu a hanyar fatauci, ya bar jarinsa a hannun abokin cinikinsa, ba takarda, ba shaida sai Allah. Watan farko an aiko da buhun gero. Na biyu rabin buhu. Daga nan sai "kasuwa ta lalace, Hajiya, a yi haƙuri." Yau 'yarta ce take tallan ƙosai a bakin tasha, shi kuwa ya ɗora bene. Wannan ba ta da wani sirri da za ta kai wa hukuma. Fanny ta samu, shi ne kawai bambancinsu.

Kuma hukuncin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Wanda ya kawo shawara, ya ci amanar yaron da ya zama maraya uban yana da rai, shekara 2. Burgess da ya buɗe ƙofa ya kau da kai, shekara 14 a wata duniya. Na yarda ya ci amanar aikinsa. Amma a ce amanar kamfani ta fi ta yaro nauyi har ninki bakwai, wannan ma'aunin ban gane masa ba.

Tsohon Direba (Kusiri)

Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Na ja babbar mota tsakanin Ngaundere da Njamena tun kafin 'ya'yan yanzu su san hanya, ta Garwa, Marwa, Mora, Waza, har gadar Ngeli.

Ɗana Magatakarda, ka ji abin da Malam ya faɗa: uku cikin huɗu 'yan gida ne. Da ɗan gari akan ci gari. Mu da muka ga zamanin zargina, 'yan fashi masu tare hanya, a shekarun 1990 mun san haka. Su kan gindaya itace a hanya, a daji, fuska a rufe, su kwantar da kowa rub da ciki. Amma ba kowa suke cajewa da farko ba. Sai ka ji an ce, "mai shuɗiyar riga da ya sayar da shanu jiya, tashi." Wa ya gaya musu? A kasuwa aka gani, a tasha aka ƙirga, wani da kuka sha shayi tare da shi da asuba ne ya aika. Sai da gwamnati ta kafa runduna ta musamman, wadda ta zama BIR a 2001, aka riƙa raka motoci a jere, sannan muka ɗan sami barci.

Abin da ban so ba a irin wannan labari shi ne yaro ya karanta ya ce kai, waɗannan gwanaye ne, ba su zub da jini ba. Ɓarawon da bai ɗauki bindiga ba shi ma yana kashe mutum, a hankali. Na san direban da aka sauya wa kaya yana barci a wurin kwana, mai kaya ya kai shi jandarma, ya sayar da gidansa ya biya, ba wanda ya sake ba shi mota. Hawan jini ya kwantar da shi. Ba wanda ya harbe shi. Don haka ka je wurin dattijon nan naku, ka ɗauki kwanonka ka zauna kusa da shi, ko da sauran ba su zo ba. Buhu kuwa, a riƙa soka masa ƙarfen gwaji a wurin lodi da wurin saukewa, a gaban direba, har na tsakiya. Ƙirga kaɗai ba ya isa.

Malam, su Turawan babu masu tare jirgi da makami ne?

Malamin Tarihi (Garwa)

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Maganarka a kan yaran da za su ga gwaninta na karɓe ta, kuma zan faɗa wa ɗalibaina haka.

Tare jirgi da bindiga a Amurka aka fi saninsa, tun daga 1866 da 'yan gidan Reno suka yi a jihar Indiyana. A Ingila tashoshi kusa kusa suke, gari a ko'ina, ga wayar tangaraho a gefen layi. Tun a Janairun 1845 wani John Tawell ya kashe wata mata da guba kusa da Slough, ya hau jirgi zuwa Landan, saƙon waya mai bayanin kamanninsa ya riga shi isa tashar Paddington. Don haka tsoronsu ba a daji yake ba, a cikin taragon yake.

Taragonsu na lokacin ba irin namu na Ngaundere zuwa Yawunde ba ne, da za ka tashi ka bi lungu ka je wurin abinci ko ka kira ma'aikaci. An yanka shi ɗaki ɗaki, kamar jerin shaguna a kasuwa, kowanne da ƙofarsa ta waje, babu hanya tsakaninsu. Jirgi ya tashi, kai da wanda ka tarar a ciki sai tasha ta gaba. Ko ihu ka yi, ƙarar ƙarfe ta shanye.

Ranar 9 ga Yuli, 1864, da dare, wasu ma'aikatan banki biyu suka shiga wani ɗaki na masu tikitin daraja ta ɗaya a tashar Hackney, suka ji kujera a jiƙe. Jini ne. Aka tsinci Thomas Briggs, dattijo ɗan shekara 69, shi ma ma'aikacin banki, a yashe a gefen layi, an fasa masa kai. Washegari ya cika. Agogonsa na zinariya da sarƙarsa sun tafi, hularsa ma babu, amma an bar wata hular da ba tasa ba. Wannan shi ne kisan farko a cikin jirgin ƙasa a Birtaniya.

Wani mai sayar da kayan ado, John Death, ya ce wani Bajamushe ya kawo masa sarƙar ya musanya da wata. Sai wani mai keken doki, Matthews, ya tuna cewa wani tela Bajamushe da ke zuwa gidansa, Franz Müller, ya ba 'yarsa ƙaramin kwali mai ɗauke da sunan shagon. Ya kuma gane hular, don shi ya saya wa Müller ita. Kafin nan Müller ya hau jirgin ruwa mai filafilai zuwa Niyok. Sufeto Tanner ya ɗauki shaidun biyu suka hau mai tururi, suka riga shi isa da kusan mako uku, suka jira shi a bakin ruwa. Aka same shi da agogon, da hular Briggs, ya rage mata tsawo ya ɗinke da hannunsa na tela. An rataye shi a gaban kurkukun Newgate ranar 14 ga Nuwamba, 1864, dubban mutane suna kallo, ana shaye-shaye ana yanke aljihu a cikin taron.

Bayan haka wasu kamfanoni suka huda 'yan tagogi tsakanin ɗakuna. A 1868 doka ta tilasta cewa duk jirgin da zai yi fiye da mil 20 bai tsaya ba, sai an sa hanyar da fasinja zai kira ma'aikata, wato igiyar nan da ake ja. A shekarar ce kuma aka daina rataye mutane a bainar jama'a, kuma jirgin ƙarshe na korarrun fursunoni ya isa Ostareliya.

Wani abu kuma, tunda Hajiya ta tayar da maganar ma'auni. A wannan Janairun na 1857, a wannan kotun, aka yanke wa Leopold Redpath kora ta har abada. Shi ne mai riƙe da littafin masu hannun jari na kamfanin Great Northern Railway. Da alƙalami kawai, yana ƙirƙiro sunaye yana ƙara lambobi, ya kwashe fiye da fam 200,000, kusan ninki 20 na zinariyar su Agar. Yana zaune a babban gida kusa da Regent's Park, an san shi da kyauta ga marayu da asibitoci, manya suna cin abinci a teburinsa. Shekaru yana yi ba wanda ya buɗe littafin ya duba.

Hajiya Mai Atamfa (Marwa)

Baba, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Shawarar kwanon nan ita ce ta fi komai a zauren nan, Malam Magatakarda ka riƙe ta.

Malam, bayanin ɗakunan nan ya sa tsigar jikina tashi. Ni ina hawa jirgin dare in zan sauka kudu saro kaya. Kuɗina a ɗaure a ƙugu ƙarƙashin zane, jakata a ƙarƙashin kaina, kuma ba na runtsawa sai na ga fuskokin matan da muke ɗaki ɗaya mun gaisa mun san juna. In an tsaya Belabo cikin dare, masu talla suna ta kira a taga, hannuna na kan jaka. Duk da haka na san in na buɗe ƙofa akwai lungu, akwai mutane. A ce an rufe ni da namijin da ban sani ba, ba ƙofa sai ta faɗawa waje?

'Yata da ke karatun lauya ta ba ni labarin da ya dace da nan. A 1875 wani babban hafsan soja, Kanar Valentine Baker, abokin ɗan sarauniya mai jiran gado, ya sami wata budurwa ita kaɗai a irin wannan ɗaki a jirgin da ke zuwa Landan, ya kai mata hannu. Yarinyar nan ta buɗe ƙofa, ta fita ta tsaya a kan matakalar waje, ta riƙe ƙarfe, jirgi yana gudu, ta yi tafiya mai nisa a haka tana ihu har aka hango ta aka tsayar da jirgin. Ta zaɓi ta faɗi ta mutu da ta koma ciki. Kuma ta tsaya a kotu ta faɗa da bakinta, a zamanin da irin wannan magana take zubar da mutuncin mace ko da ita aka zalunta.

An same shi da laifi. Ɗaurin shekara 1 da tarar fam 500, ba aiki mai tsanani, aka kuma sallame shi daga soja. Ku sa wannan kusa da shekara 14 na mai gadin tarago. Da ya fito sai ya tafi Turkiyya ya shiga sojan Sarkin Musulmi na Istambul, aka ba shi muƙamin Fasha, daga baya ya shugabanci 'yan sandan Masar, kuma a can Ingila manyan mutane suka yi ta kai ƙorafi a mayar masa da muƙaminsa. Raina ya ɓaci da na ji wannan, har yanzu da nake rubutawa bai huce ba.